Jan Kwaɗo a Makunnin Kura

Litinin, da hantsi

Kura ba ta tashi ba yau ma. Jan kwaɗon Yaya yana nan rataye a makunninta, Yaya yana gidansa, mabuɗin yana aljihunsa. Manaja ya ce idan niƙaƙƙiyar robar da ke sito ta ƙare ba a buɗe ba, ko dai in yanke kwaɗon da hannuna, ko in nemi wani aikin.

Na fara da haka ne yadda aka koya mana a gidan jarida: abin da ya faru tukuna, bayani daga baya. Ga bayanin.

Kura ita ce injin da ke niƙe tsofaffin robobi, daga nan a narka su a yi bokitai da bahuna. Ma'aikata ne suka raɗa mata sunan, don ba ta tambayar abin da aka jefa mata. Ni ne jami'in kiyaye haɗurra na masana'antar, ko da yake ba mai kirana da haka. Edita suke ce mini, saboda shekarun da na yi ina gyara rubutun wasu kafin jaridarmu ta rufe. Yaya kuwa shi ne babban bakanike, kuma yayan matata ne. Shi ya samo mini aikin nan. Wannan ma gaskiya ce, don haka na rubuta ta.

Dokar kwaɗo ni na kawo ta. Duk wanda zai sa hannu a cikin inji sai ya kashe wuta, ya rataya kwaɗonsa a makunni, ya jefa mabuɗin a aljihu. Ba mai cire kwaɗo sai mai shi. Ranar Alhamis da ta wuce Yaya ya bi dokar daki-daki, karo na farko a rayuwarsa. Ya kashe, ya kulle, ya buɗe cikin Kura, ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, sannan ya wanke hannu ya tafi gida. Bai dawo ba.

Batun allon sanarwa ba zan shiga ba. Ba shi da alaƙa da wannan.

Litinin, da yamma

Abinci ba gishiri. Na tambaya, matata ta ce, "An sa." Majiya ɗaya ce, kuma harshena ya musanta. A ƙa'idar aikinmu magana ba ta zama labari sai majiya biyu sun tabbatar. Na cinye abincina.

Talata, ƙarfe goma na safe

Manaja ya kira ni ofis. Ya ajiye zarto a tsakiyar tebur, inda wasu ke ajiye fure.

"Edita, zauna. Ka san wannan?"

"Zarto ne, ranka ya daɗe."

"Sabo fil. Kafin shayinka ya huce ka gama."

Na tambaye shi me ya hana ya sa wani. Ashe ya gwada. Mai sito ya ce bayansa ya riƙe. Mai gyaran lantarki ya ce bai zo da tabarau ba. Mai walda ya ce, "Kwaɗon Yaya? Yallaɓai, ina da iyali." Shi kuma Manaja ya ce aikinsa ba na taɓa ƙarfe ba ne. Ainihin maganar ita ce a gaban mutanen inshora ya sa hannu a dokar, har aka ɗauki hoto ana musafaha, kuma ya san in wani abu ya faru, sunan wanda ya yanke za a fara tambaya.

Na yi masa bayani a tsanake. A littattafan da na karanta akwai hanyar cire kwaɗon wanda ba ya nan. Sai an tabbatar ba ya cikin injin, an yi magana da shi baki da baki, an ji halin da ya bar injin a ciki. Ban sa wannan a allon doka ba don ya yi tsawo, kanun labari kuwa ba ya son tsawo. Na farkon mun tabbatar, mun leƙa, Yaya ba ya cikin Kura. Sauran biyun ne suka rage.

"To je ka yi magana da shi mana! Ba surukinka ba ne?"

"Ba ya ɗaukar wayata."

"Ikon Allah. Me ka yi masa?"

Ya san amsar. So yake ya ji ta daga bakina. Na ce ban yi masa komai ba. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido.

Laraba, lokacin cin abincin rana

Wani ya zana hular kwano a kan hoton da na kafa a allon sanarwa. Ba a kai ba, don kan ba ya cikin hoton.

Ina so in ajiye wannan a rubuce: ban sa suna ba. Ban nuna fuska ba. A aikin jarida wannan shi ake kira sakaya mutum, kuma na yi shi bisa ƙa'ida.

Alhamis, da safe

Baba Maigadi ya ɗaga mini hannu a bakin ƙofa, hannun hagun da babban yatsa da ƙaramin kawai suka rage. Shi ne mai tada Kura a da. Yana ciro waya da ta sarƙe a wuƙaƙen wani ya zo wucewa, ya ga inji a tsaye, ya ce bari ya taimaka.

Kullum da barkwancinsa. Yau cewa ya yi jiya ya ga wata mata a bakin famfo da shuɗin bokitinmu, sai da ya tsaya ya gaishe ta.

"Me ya haɗa ku, Baba?"

"Wa ya sani ko yatsana ne a hannunta? Ai zumunci ya wajaba."

Muka yi dariya. Sannan ya ce, "Edita, an ce za ka yanke."

"An ce."

"To."

Ya koma kan bencinsa ya ci gaba da murɗa rediyo. Na wuni ina jin wannan "to" ɗin a kunnena, duk da abin toshe kunnen da na sa.

Juma'a, da yamma

Har yanzu ba gishiri. Yanzu kuma an ƙara da barkono, don kada a ce an rage wani abu.

Asabar, da hantsi

Na je gidan Yaya. Na sa riga mai kyau, na sayi lemo da ayaba.

Babur ɗinsa yana ƙofar gida, takalmansa suna bakin ɗaki, rediyonsa yana magana. A kan igiyar shanya wandon ne shi kaɗai, koren nan mai jan faci a baya, an juya facin yana kallon ƙofa. Ban yi imani iska ce ta juya shi ba.

Matarsa ta karɓi lemon, ta tambayi yara, ta ce maigidan ba ya nan. Daga cikin ɗaki aka yi tari, sannan Yaya ya ce, "Ki ce masa ba na nan."

"Ka ji," in ji ta.

Majiya biyu ke nan, matarsa da shi kansa. A ƙa'ida ba ni da ta cewa. Na dai ɗaga murya na ce, a matsayin jami'i, ina so in san halin da aka bar injin. Aka ƙara wa rediyo murya. Na ji sakamakon wasannin ƙwallo gaba ɗaya a tsaye, sannan na dawo.

Lahadi, bayan cin abincin rana

Surukata ta kira. Na miƙe tsaye kafin in amsa, ban san dalili ba.

Ta tambayi lafiyata, ta tambayi aiki, ta yi mini addu'a mai tsawo. Sannan ta ce, "Ɗana, ni na haifi yaron nan. Amma tun da ya shiga makaranta ban ƙara ganin abin da ka nuna wa duniya ba."

Na ce, "Inna, darasi ne."

"To an karanta. Har a unguwarmu an karanta. Mai kayan miya ma ta nuna mini a wayarta."

Tun da abin ya kai haka, bari in faɗi me ke cikin hoton, sau ɗaya, ba zan maimaita ba. Mutum ne ya cusa kansa da kafaɗunsa a bakin Kura. Abin da ya rage a waje wando ne, wandon kuma ya ɗan sauka daga inda tela ya nufa. A gefe ana ganin makunni, ba kwaɗo a jikinsa. Makunnin na ɗauka. Shi ne labarin. Ba laifina ba ne da masu karatu suka kalli wani gefen. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KA ZAMA KAMAR WANNAN.

Facin kuwa matata ce ta ɗinka masa bara. Wannan ban sani ba sai daga baya.

Litinin, da rana

Buhunan sito sun sauka zuwa kafaɗar mai sito. Shi ba dogo ba ne.

An sallami matan da ke tsince roba, an ce su zauna a gida sai an neme su. 'Yan aikin rana ne, ranar da ba aiki ba komai. Babbarsu ta tare ni a bakin famfo, tana cire safar hannu yatsa-yatsa.

"Edita, dokar nan taka, in an kai ta gida da me ake dafa ta?"

Na fara yi mata bayanin wuƙaƙe da saurin juyawarsu. Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ba kowa ke yi ba. Sannan ta ce, "Na ji. Ai ina nan ranar Baba Maigadi, ni na ɗaure masa hannu da ɗankwalina. Ban ce ka yanke ba. Cewa na yi ku maza biyu ku daina wasa da tukunyarmu."

Ban samu abin gyarawa a maganarta ba.

Talata, da safe

Manaja ya kawo mai yanka mabuɗi daga kasuwa, wani siriri da jakar wayoyin buɗe kwaɗo. Hujjarsa ita ce doka ta hana yankewa, ba ta hana buɗewa ba. Na ce doka cewa ta yi cirewa, na nuna masa allon, don kalmar ni na zaɓe ta.

Na sa ƙaramin bakanike ya leƙa cikin Kura da fitila a gabansu. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce wallahi ba zai iya rantsuwa ba, wuƙar ƙasa ba ta ganuwa sai an ɗaga murfinta, murfin kuma sai da sifanar Yaya, sifanar tana cikin akwatin Yaya, akwatin kuma a kulle.

"Kenan ba ka ga matsala ba," in ji Manaja.

"Ban ga komai ba, Yallaɓai."

"Ka ji! Bai ga komai ba!"

Na ce rashin gani daban, rashin matsala daban. Mai yanka mabuɗi ya riga ya durƙusa yana zaɓen waya. Sai na ciro nawa kwaɗon, ruwan ɗorawa, wanda tun da aka ba ni bai taɓa fita daga aljihun tebur ba. Na rataya shi kusa da na Yaya, na danna, na sa mabuɗin a aljihun wandona. Na ce mai wannan kwaɗon yana nan tsaye, kuma bai yarda ba.

Mai yanka mabuɗi ya dube ni, ya dubi Manaja, ya ce shi dai a biya shi kuɗin mota.

Na yi ta kai da kawowa a ofis har rana ta take. Na ɗora laifin a kan shayi.

Laraba, da safe

Makunnin Kura ya zama kamar ƙofar shagon mai tsoron ɓarayi. Na tarar da kwaɗon mai walda, da na mai gyaran lantarki, da na ƙaramin bakanike. Baba Maigadi ya sarƙa na kekensa. Mai abinci ta kawo wani ƙarami mai hoton zuciya, irin na akwatin kayan kwalliya.

Ban san ko goyon baya ba ne ko hutun ne ya yi musu daɗi. Na tambayi mai walda, ya ce, "Edita, duka biyun ba su halatta ba ne?"

Manaja ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da rana ya aiko masinja da zarton, an ɗaura masa takarda: "Litinin, sha biyun rana."

Alhamis, da yamma

Na ɗauki zarton bayan an tashi. Ya fi yadda na zata nauyi. Na ajiye.

Juma'a, da yamma

Matata ta yi magana. Ina cikin cire takalmi ta tsaya a kaina da ludayi.

"Malam Edita."

In ta kira ni haka, na san ba kanun daɗi ba ne.

"Mutumin nan shi ya goya ni. Shi ya biya mini makaranta da hannun nan mai baƙin mai. Da jaridarku ta mutu kana zaune kana gyara wa akwatin talabijin nahawu, wa ya je ya durƙusa wa Manaja?"

Na ce ban musa ba. Na ce amma kansa yana cikin injin, makunni a buɗe, da wani ya zo wucewa fa?

"Da ka ja shi gefe ka gaya masa."

"Na gaya masa ya fi a ƙirga. Cewa yake tun ina rarrafe yake shiga Kura."

"To da ka gaya mini. Da ni zan cire masa kunne. Amma ka buga shi kamar tallan sabulu? Yara masu koyon aiki suna ce masa Mai Faci!"

Na ce zan sauke hoton, kuma zan rubuta 'yar gyara in liƙa a gefen allo, yadda ake yi a shafin ciki.

"'Yar gyara. A gefe. Shi ya sa jaridarku ta rufe." Ta nuna ni da ludayin. "A bainar jama'a ka kunyata shi, a bainar jama'a za ka wanke shi. Yadda za ka yi, kai ne mai ilimi."

Na duba hujjarta ta kowane gefe. Da wani ne ya kawo mini ita a matsayin sharhi, da na buga ba tare da na taɓa ko waƙafi ba.

Asabar, da yamma

Da hannun hagu nake rubutu. Ba abin damuwa ba ne.

Lahadi, da safe

Tsagewar ƙashi ce a wuyan hannu, an sa filasta. Likita ya tambayi aikina, na faɗa masa, ya ce in maimaita, ya kira nas ita ma ta ji.

Ga yadda abin ya faru, a taƙaice. Hoton can sama na kafa shi, da ƙusa, don kada wani ya yage. Tsani yana sito, mai sito ya fita. Na ce abin minti ɗaya ne. A bakin ofis akwai kujerar sakatare.

Kujerar tana da taya.

Ni ne na rubuta darasi na musamman a kan hawa kujera mai taya. Yana liƙe a allon, daidai inda goshina ya fara sauka.

Lahadi, da rana

An tabbatar mini mai walda yana wurin da wayarsa. Majiya ta wuce biyu. Ta wuce ashirin.

Na ga hoton. Ta fuskar aiki ba shi da laifi: haske ya yi kyau, komai ya fito. Ina ƙasa a rigingine, ƙafafuna a kan kujera, hular kwanona tana gangarawa ita kaɗai, rigar jami'i mai ƙyalli ta naɗe a wuyana. Wandona ya yage daga inda ba a so har inda ba a faɗa. A hannuna rabin hoton Yaya ne, kuma rabin da ya fi muni.

Lahadi, da yamma

Yaya ya zo dubiya.

Tun daga zaure nake jin dariyarsa. Ya shigo da lemo da ayaba, ina kyautata zaton waɗanda na kai masa ne. Bai dube ni ba. Ya zauna ya fuskanci ƙanwarsa.

"Ki tambaye shi, wai a makarantarsu ba a koya musu tsani ba?"

"Ga shi nan, tambaye shi da kanka."

"Ki ce masa na ga jaridar yau. Shafin farko. Har na sa an turo mini kala biyu."

Ya ciro waya, ya kalla, ya sake fashewa har yana dukan cinya. Na bari ya gama, ya ɗauki lokaci. Sannan na ce, "Yaya, ina so a wanke hoton nan babba, girman wancan. Gobe a kafa shi a allon, a gurbin naka, da rubutun nan dai a ƙasa."

Dariyar ta tsaya. Karon farko ya juyo.

"Da suna?"

"Da suna da muƙami."

"Fuska fa?"

"Ai ta fito."

Ya jujjuya wayar a hannunsa. Na ce masa abin da na yi ba daidai ba ne, ya yi haƙuri. Na yi niyyar tsayawa a nan, amma bakin edita ba ya barin jimla rabi. Na ƙara da cewa kansa dai yana cikin injin ba kwaɗo.

"Ka ji shi ko! Tun kana rarrafe nake shiga Kura, ko ƙwarzane ba ta taɓa yi mini ba."

Matata tana zuba ruwa a kofi, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Baba Maigadi ma haka yake faɗa, Yaya. Kuma shi yatsu ya sa. Kai kai ka sa."

Yaya ya sha ruwan duka, ko da yake ni aka zuba wa.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya zube abubuwa a kan tebur: mabuɗi mai jan zare, da waɗansu ƙusoshi masu kauri, baƙaƙe da mai.

"Na wuƙar ƙasa ne. Na kwance zan canza, raina ya ɓaci, na tafi da su. Da kun yanke kun tada ta, da wuƙar nan ta fita ta rufin kwano, ko ta cikin wani."

"Kuma ba ka faɗa ba?" in ji matata.

"Ai na sa kwaɗo." Ya nuna ni da haɓa. "Na san wannan ba zai yanke ba. Mutumin da ke gyara wa limami karatu a zuci?"

Ban san ko yabo ba ne. Na tuna ranar Alhamis da nauyin zarton, na ji filastar ta matse ni. Ban gaya musu ba.

Matata ta bi shi har ƙofar gida tana yi masa faɗa. Na ji daɗin jin muryar tana fuskantar wani gefen.

An sa gishiri. Na tabbatar, na sake tabbatarwa.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Likita ya ce in zauna a gida, don haka labarin yau ta waya nake samunsa. Baba Maigadi ne wakilina.

Ya ce an kafa hoton. Da tsani aka kafa, mutum biyu suna riƙe da shi, mai walda yana ba da umarni. Ya ce Yaya ya iso da sabon wando da bel, ya tsaya gaban allon ya cire hula, kamar mai gaisuwar ta'aziyya. Matan tsince roba sun dawo, babbarsu ta ce a gaya mini hoton ya fi ni kyau.

Na tambaye shi batun ƙusoshin. Ya ce ƙaramin bakanike ya gani da idonsa, ramukan wuƙar ƙasa a buɗe suke, kuma shi ma Baba ya leƙa. Majiya biyu. Na rubuta shi a matsayin labari.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Manaja ya kira. Ban taɓa jin muryarsa da taushi haka ba.

"Edita, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Edita, ina mabuɗinka?"

Yaya ya gama gyara, ya cire jan kwaɗonsa. Mai walda ya cire nasa, Baba ya kwance na keke, mai abinci ta ɗauke mai hoton zuciya. Saura ɗaya, ruwan ɗorawa. Buhun ƙarshe kuma yana kan hanyar zuwa tukunyar narkawa.

Na ce ya ba ni minti biyu. Na duba tebur, na duba aljihun riga, na duba ƙarƙashin matashi da hannu ɗaya. Manaja bai kashe wayar ba, don haka ina jin abin da ke faruwa a can. Na ji ya ce wa wani, "Kawo zarton nan, ai mai shi ya yarda." Ban ce na yarda ba. Kafin in buɗe baki sai na ji muryar Yaya, kusa da wayar, kamar ya tsaya ne a gaban makunnin.

"Yallaɓai, a mayar da zarton nan sito. Ba mai cire kwaɗo sai mai shi."

"Haba Injiniya, surukinka ne fa, yana kan waya!"

"Ko ubana ne. Ya zo da ƙafarsa ya cire. Ga doka can a rubuce, kusa da hotonsa."

Na zauna a bakin gado. Na daɗe ban ji an karanta rubutuna daidai ba, ba ragi ba ƙari.

Litinin, sha biyu saura

Na sa takalmi, na sa hular kwano, mai tasi yana ƙofar gida yana jira.

Mabuɗin yana aljihun wandon da ya yage. Wandon yana wurin tela, za a sa masa faci. Matata ta ce lokacin da take naɗe shi ta ji wani abu mai tauri a aljihun dama.

Majiya ɗaya ce. Ta tafi dubawa.